Fuskar Da Ke Bisa Katanga

Ni dai ban taɓa mafarkin zama mai hoto ba, tsiwa ce ta kai ni. Na je shagon Madam Beatrice da ke bakin tashar Jega a yi mini hoton fasfo na jarrabawa, ta miƙo mini abin da ta wanke, na duba na ce, "Madam, wannan ai ba ni ba ce. Kin mai da ni kamar wadda anka kama da kazar mutane." Madam Beatrice mutuniyar Filato ce, ta koyar a makarantar 'yan mata shekara da shekaru kafin ta aje aiki ta buɗe shago, kuma Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ba ta yi fushi ba. Ta cire kyamarar daga wuyanta ta rataya mini, ta zauna bisa kujera ta ce, "To, uwar iyawa, ɗauke ni mu gani."

Na ɗauka. Rabin kanta ya fito, sauran duk silin ne da fanka. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in dawo gobe da safe in zo da tsintsiya.

Shekara biyu na yi a shagon nan. Na yi shara, na goge gilashi, na yi fasfo har na gaji da ce ma mutane su ɗaga haɓa. Ta koya mini haske: kada ki tsai da mutum cikin rana tsaka, ki kai shi bakin ƙofa inda hasken ke shigowa a hankali. Kada ki ce ma tsohuwa ta yi dariya, ki tambaye ta labarin jikokinta. Ta koya mini haɗa bidiyo a kwamfuta, inda ake yankewa da inda ake bari. Haƙuri ne kaɗai ta ce ya fi ƙarfinta, wannan sai dai a kai ni wurin addu'a.

Da na fara fita buki, mutane sunka yi ta surutu. Wai macce da kyamara, bisa kabu-kabu da jaka a baya, yau Maiyama gobe Sabiyal, wa zai aure ta? Na ce wanda bai aure ni ba ya huta, ni ma na huta. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, maza masu hoto iyakarsu zaure. Sa lalle, wankan amarya, kukan ƙawaye, tsofaffi suna rawa da zane ɗaure a ƙugu, duk a cikin gida ake yin su, kuma ni kaɗai ake bari in shiga. Mata sun yarda da ni ne don ƙa'idata ɗaya ce kuma kowa ya san ta: wadda ɗankwalinta ya zame ba ni ɗaukarta, wadda ta ce a'a in sauke kyamara. Da wannan yardar nake cin abinci, ba da kyamara ba.

Bukin Zinatu, ɗiyar Alhaji Attahiru mai albasa a Aliero, shi ne babban aiki na farko da anka ba ni ni kaɗai, hoto da bidiyo, kwana uku. Lokacin an kwashe albasa, gari duk ya ɗauki warinta, manyan motoci sun yi layi bakin hanya ana lodi. Angon, Sahabi, a Kumasi yake zaune yana karɓar lodin Alhaji, kuma can zai wuce da ita da an gama buki.

Ranar lalle Zinatu ta yafuto ni da gwiwar hannu, don tafukanta suna ɗaure cikin leda. Ta ce, "Bushira, duk hotunan nan da kike yi, in kin ga dama ki zubar. Guda ɗaya nake so. Ni da Inna."

Na san abin da take roƙo. Zinatu ɗiyar fari ce. Tun da anka yaye ta Gwaggo Amariya, yayar babanta, ta ɗauke ta ta riƙe. Uwarta, Inna Murjanatu, tana nan da ranta da lafiyarta, amma kunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunanta. Sai dai "waccan". Ba ta zama kusa da ita, ba ta yabonta, ba ta sa baki a maganarta. Da buki ya zo ma sai ta kwashi faifanta ta koma gidan maƙwabta, kamar yadda iyayenta sunka yi. Ni ba labari anka ba ni ba, ni ma ɗiyar fari ce. Ranar da na faɗo daga kabu-kabu na karye a hannu anka kawo ni nan Aliero wurin masu ɗori, uwata ba ta zo ba, sai kunu ta aiko ƙanwata da shi. Na sha kunun nan ina kuka, kuma ba zafin hannun ne ya sa ni kukan ba.

Zinatu ta ce, "Kumasi fa ba nan kusa ba ce. Ban san ranar da zan dawo ba. In na haihu mi zan nuna ma ɗiyana?"

Na saɓi kyamara na zagaya gidan maƙwabtan. Na iske Inna Murjanatu ƙarƙashin dogonyaro tana tsintar shinkafa. Doguwa ce, siririya, idonta irin na Zinatu sak. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, hoto nake so in yi maki da amarya. Ko minti ɗaya, a ɗaki, ba wanda zai gani."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wace amarya?"

"Zinatu, Inna."

Ta ture tsakuwa da ɗan yatsa zuwa bakin faifai. "Ke ɗiyar nan, tashi ki tafi inda ake buki. Nan aiki ake."

"Ita ta aiko ni."

"Ba ni so." Ta faɗe shi a fili, babu inda za a ce ban ji ba. Na tashi na koma, na gaya ma Zinatu. Ta juya fuskarta bango, ƙawayenta sunka ɗauka kukan aure ne.

Rana ta uku bayan la'asar anka fito da amarya. Tsakar gida ta cika, guɗa ta ko'ina, ba inda mutum zai aje ƙafa. Na kifa turmi na hau don in samu hoto daga sama. Ga Zinatu lulluɓe da mayafi, hannuwanta da lalle sun riƙe bakinsa, Gwaggo Amariya na jan ta zuwa ƙofa. Na ɗaga kyamara, ina daidaitawa, sai na ga wani abu a bayansu. Can bisa katangar da ta raba gidan da na maƙwabta, tsakanin rumbunan albasa biyu, ga fuskar Inna Murjanatu. Ban san mi ta taka ta hau ba. Ta dafa katangar da hannu biyu, bakinta a ɗan buɗe, hawaye sun wanke mata fuska har haɓa, idonta na kan mayafin nan kamar za ta ɗauke shi da kallo. Ba wanda ya gan ta, kowa ya ba katangar baya. Ni kaɗai ce bisa turmi.

Wallahi na tuna ta ce ba ta so. Ba zan yi ƙarya in ce na manta ba. Na tuna, kuma na danna.

Da na koma Jega na buɗe shi a kwamfuta, sai da na zauna ƙasa. Uwa da ɗiya cikin hoto ɗaya, ɗiyar a gaba a rufe, uwar a baya a buɗe, hasken yamma ya faɗo daidai kan fuskarta. Ban taɓa yin hoto irinsa ba, kuma na san haka. To nan girman kai ya shige ni. Maimakon in ware shi gefe, sai na bar shi cikin jerin da zan kai gidan Alhaji, ina jin kowa ya gani zai ce lalle yarinyar nan ta iya aiki.

Bayan mako ɗaya na kai aikin. Amarya ta riga ta wuce Kumasi. Da hantsi anka fito da talabijin ƙarƙashin rumfa, anka tada janareta, matan gida da na maƙwabta sunka zauna bisa tabarmi. Inna Murjanatu ta dawo gidanta, tana can bakin madafi ta ba mu rabin baya, wai tana gyaran kuɓewa. Hotuna na wucewa ana ihu, wannan ta ce an yi mata ƙiba, waccan ta ce a mayar ta ga sarƙarta. Sai ga shi ya cika talabijin.

Nan take wata maƙwabciya ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! Murjanatu ce bisa katanga! Ashe dai ana so!" Dariya ta fashe. Wata ta miƙe ta dafa iska da hannu biyu ta buɗe baki tana kwaikwayo. Na juya na ga Inna Murjanatu ta aje wuƙar a hankali, ta tashi, ta shiga ɗakinta ta saki labule. A lokacin na san abin da na yi. Shekara ashirin da biyu matar nan tana ɓoye abu ɗaya, ni na zo na sa shi a talabijin.

Gwaggo Amariya ta zare wayar talabijin da kanta. Gajeriya ce mai ƙiba, in tana faɗa awarwaronta ke fara magana. Ta ce, "Ke mai hoto. Goge shi yanzu, a gabanmu, a wannan abin da cikin kyamarar da duk inda kika aje shi."

Na ce, "A naku zan cire shi, Gwaggo. Amma ba zan goge ba."

"Mi kika ce?"

"Na ce ba zan goge ba. Zinatu ta roƙe ni hoto da uwarta, kuma duk duniya wannan kaɗai ke akwai."

Gwaggo ta ce, "Uwarta? Ni na goye ta da ƙyanda. Ni na kwana asibiti da ita. Hotona da ita ya fi arba'in a cikin abin nan, duk bai isa ba sai kin hau turmi kin leƙo mata wata uwa?" Na ji tausayinta, Allah ya sani, don gaskiya ta faɗa. Amma tausayi daban, gogewa daban.

Na ce, "Na yi laifi da na ɗauka, na yi wanda ya fi shi da na nuna. Na yarda. Amma fuskar nan ba tawa ba ce, ba taku ba ce. Mai fuskar ta ce in goge, in goge nan take. Kafin ta ce, ba ni gogewa, kuma ba ni ba kowa, har Zinatu."

Gwaggo ta yi wata dariya marar daɗi. Ta dubi matan ta ce, "Kun ji mini ɗiya. Wai Murjanatu ta buɗe baki ta yi magana a kan abin da ya shafi ɗiyar fari. To ki zauna jira. Amma ki sani, ƙafarki ta bar gidajen Aliero."

Na ce Allah ya ba mu alheri, na naɗe wayoyina na fita.

Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Cikin sati biyu buki uku sunka kuɓuce mini, biyu a Aliero, ɗaya a Sabiyal. Labari ya bi motocin kasuwa ya kai Maiyama: mai hoton nan ta Jega leƙen mata take yi, in kika ce a'a ma sai ta ɗauka. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wani buki a ƙauyen Giwa Tazo. Na sha rana na isa da kayana, sai wata dattijuwa ta tare ƙofa ta ce an ce in tsaya zaure. Ni Bushira, zaure, tare da maza masu hoto, ina jiyo guɗa daga ciki. Na yi musu hoton ɗaurin aure na juyo, ko ruwansu ban sha ba.

Na koma shagon Madam ina yin fasfo. Ta zuba mini ido kwana biyu, sannan ta ce, "Bushira, hoto ɗaya ne. Ki goge ki je ki durƙusa ki ba da haƙuri. Matar nan ta ce maki a'a, ke kika karya ƙa'idarki."

Na ce, "Na sani, Madam. Shi ya sa ba zan ƙara yanke mata hukunci ba. Sau ɗaya na yi, ya isa. In na goge don Gwaggo ta ce, na sake yin abin da na yi ke nan."

"Taurin kan nan zai kashe maki sana'a."

"To ya kashe."

Ita ma Zinatu ba ta bar ni ba. Ƙawayenta sun ba ta labari, ta dinga kira daga Kumasi. Farko lallashi, sannan kuka, sannan faɗa. Ta ce, "Ni na sa ki! Uwata ce!" Na ce, "Uwarki ce, amma fuskarta ce." Ta kira ni muguwa ta kashe waya. Na zama ba ni ga Aliero ba ni ga Kumasi, ga hoto a kwamfuta ina buɗe shi in duba in rufe. Har wasu mata sunka riƙa zuwa shago da sunan fasfo, in an gama su rage murya su ce wai in nuna musu na Murjanatu. Ɗaya na kora har bakin titi, ta bar takalminta ɗaya.

Wata biyu ana haka. Ranar kasuwar Jega, kafin azahar, ina yanke fasfo da almakashi, sai na ji ƙarar awarwaro. Gwaggo Amariya ce a bakin ƙofa, bayanta Inna Murjanatu cikin baƙin mayafi, ta ƙara ramewa. Madam ta miƙe ta ba su kujeru, Gwaggo ta ce ba zama ya kawo su ba.

Ta ce, "Ga ta na kawo maki. Matar nan ta daina zuwa suna, ta daina zuwa gaisuwa, ko injin niƙa aike take yi, don duk inda ta shiga sai an dafa mata katanga. Muddin abin nan na nan maganar ba ta mutuwa. Kin ce sai ta faɗa da bakinta. To kalma ɗaya ce, za ta faɗa, ki goge mu tafi." Ta juya. "Murjanatu, faɗa mata."

Inna Murjanatu ba ta dube ni ba. Ta ce a hankali, "In gani tukuna."

Gwaggo ta ce, "Ki ga mi? Ba ki gani ba ran nan?"

"Ban duba ba."

Na jawo kujera gaban kwamfuta, ta zauna a bakinta kamar mai shirin tashi. Na buɗe hoton ya cika gilashin. Na zaci kanta za ta kalla, amma ko sau ɗaya idonta bai je katangar ba. Ya tsaya a kan mayafin da hannuwan nan masu lalle. Ta daɗe. Waje ana ta hayaniyar kasuwa, masu kabu-kabu na kiran Aliero, Aliero, mu kuwa ba mai motsi. Gwaggo ta gyara tsayuwa sau uku.

Can Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Waccan ta gani?"

Na ce, "A'a, Inna. Ban ba kowa ba."

"To a aika mata. In ta gani, ki goge."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Murjanatu! A gabana?"

"A gabanki, Yaya. Ke kika ce in yi magana."

Ban jira an sake shawara ba. Na tura shi wayata, daga wayata na tura Kumasi. Muka zuba ma wayar ido mu huɗu, har da Madam, har alamar ta nuna an buɗe. Sannan na juya kwamfutar yadda kowa zai gani na goge shi. Na goge na waya, na ciro katin kyamara na goge na ciki, na buɗe kwandon shara na kwamfuta na share shi kaf. Hoton da ya fi kowane hoto da na taɓa yi, da ɗan yatsana na kashe shi, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Gwaggo ta ja mayafinta ta ce, "Kada ki ɗauka wannan ya buɗe maki ƙofar gidana." Na ce, "Na ji, Gwaggo." Ta yi gaba, ta ce ma Inna su tafi kada mota ta cika.

Inna ta kai bakin ƙofa ke nan wayata ta ɗauki ƙara. Zinatu ce. Na ɗaga na buɗe murya, da gangan, ba ni neman gafarar kowa a kan wannan. Kuka take yi har maganar ba ta fita sosai. "Bushira, na gani. Na gani. Ita ta ce ki turo? Tana nan? Don Allah tana nan?"

Inna Murjanatu ta tsaya, ƙafa ɗaya a waje, ta ba mu baya. Na miƙa mata wayar. Ba ta karɓa ba, ba ta juyo ba. Ta dafa ƙyauren ƙofar, ta ɗaga murya yadda ban taɓa jin ta ɗaga ba, yadda ko ba a buɗe wayar ba za a ji.

Ta ce, "Ke mai hoto, ki gaya ma mutanen Kumasi su riƙa cin abinci. Na ga hannunsu a hoton nan, duk ƙashi ne."